Lungu Mai Baki Biyu

Ƙofar gidanmu ita kaɗai ce ke buɗewa cikin lungun. Da aka raba gado, yayyen maigidana suka ɗauki ɗakunan da ke kallon titi, suka fasa su suka yi shaguna. Shi da yake ƙarami aka bar masa ɗaki biyu na baya, aka huda masa ƙofa ta lungu. Nan aka kawo ni. Maƙwabta ma haka suka yi tun kafin in zo, kowa ya juya fuskar gidansa wajen titi inda ake ciniki, ya bar mana ƙeya. In na leƙo, katanga nake gani dama da hagu, ba taga ko ɗaya, sai bututun ruwan wanka na zuba cikin kwata.

Baki biyu gare shi, lungun namu. Ɗaya ya fita titin da ke zuwa babbar kasuwar Assigamé, ɗaya ya ɓulle bayan masallaci, a tsakiya kuma ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Daidai gwiwar, taku goma daga ƙofata, akwai wani murfin kwalbati da ya tsage. A kansa wasu samarin unguwa suke zama. Wata safiya da ba su fito ba, ina shara, na ajiye tsintsiya na zauna a wurin don in ga me suke gani. Ashe daga nan kana hango baki biyun duka. Wanda ke titi kuwa ba ya hango bayan masallaci, na bayan masallaci ba ya hango titi. Na tashi da sauri na karkaɗe zanena.

Ba baƙi ba ne. Na san uwar kowane ɗaya, wasu ma mun zauna tabarma ɗaya a wajen biki. Faransanci suke yi tsakaninsu, in na fito kuma su ce, “Tanti, sannu da aiki,” har da ɗan rusunawa. Amma da rana tsaka sai ka ji babur ya faɗo daga titi a guje, mutum biyu a kai, kafin ka ce wane ne ya fice ta bayan masallaci. Washegari in ina shara sai in tsinci jaka a kwata, an zazzage ta. Na taɓa tsintar wata da carbi a ciki da katin awon jariri. Na shanya katin a kan bulo ya bushe, ban san wa zan ba ba. Yana ƙarƙashin katifata har yau.

Ɗana na fari shekararsa shida a lokacin, ƙanwarsa na goye. In na ji ƙarar babur, ko tuwo nake tuƙawa sai na saki muciya na duba inda yake. Sakata biyu na sa aka yi wa ƙofar, ɗaya can sama inda hannunsa bai kai ba.

Bayan katangarmu akwai wani lungun, a nan taubashiyata take aure, 'yar kawuna. Wata ɗaya aka yi bikinmu, 'ya'yanmu na fari sati uku ne tsakaninsu. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu zagi juna ba, ita ta ce ni baiwarta ce, ni in ce ubana ne ya saye ta da kwanon gero. Wasan taubasai ne, an san shi, ba mai fushi. Kuma lungunsu da namu duk ɗaya suke a da, har nasu ya fi namu wari. Sai mijinta, mai canjin kuɗi ne a unguwar Kodjoviakopé, ya tara masu gidajen layin suka toshe baki ɗaya da bulo, suka bar ɗaya. Shi ke nan abin da suka yi. Katangar ko shafe ba a yi mata ba, tsayinta bai wuce na mutum ya ɗaga hannu ba. Amma wanda ya shiga dole ta inda ya shiga zai fito, don haka babura suka daina bi. Da suka daina bin nasu, sai suka ƙaru a namu.

Ranar da na fara zuwa bayan an toshe, na tsaya a bakin lungun ban gane shi ba. An shimfiɗa tabarmi a waje. Wata tsohuwa na tsinar shinkafa, wata na yi wa 'yarta kitso, wata ta kafa teburin ayimolu, wato wake da shinkafa, a ƙofarta. Gida biyu ma har sun huda sababbin tagogi. Yara kuwa sun cika wurin, suna buga ƙwallon tsumma a jikin katangar. Ɗana ya fizge hannunsa daga nawa, na sake damƙe shi.

“Sakar masa hannu mana, baiwata,” in ji taubashiyata daga kan tabarma. “Nan ba a satar yara. In ma za a sata, wa zai ɗauki mai irin kanki?”

Na yi dariya, na rama, na sake shi. Amma idona na kan gwiwoyin ɗanta. Sun yi fari fat da ƙasa, ɗaya har da ɓawon ciwo. Na ɗana sumul suke kamar na jariri. Wallahi ban taɓa zaton zan yi ƙyashin dattin gwiwa ba. Ta kawo min koko da ƙosai, ta zauna tana ba ni labarin wani leshi da ta gani a kasuwa, ko sau ɗaya ba ta waiga ta nemi ɗanta ba. Wannan ne ya fi ci min rai. Ni kuwa wuyana har ya gaji da juyawa. Da muka dawo gida na zuba wa maigida abinci na ce kokon gidansu tsami gare shi.

Yaro ba ya zama a ɗaki har abada. Ya shiga lakwal, makarantar boko, yana tafiya yana dawowa ta gaban murfin kwalbatin nan, ni kuma ba kullum nake samun raka shi ba. Na fara ganin tafiyarsa ta canja, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya fara ce wa ƙanwarsa “degaje”, wato “matsa can”, in ta taɓa kayansa. Wata rana ya shigo bakinsa ja da ƙanƙara mai zaƙi.

“Wa ya saya maka?”

“Gran.”

“Wane Gran?”

“Gran mana, Mma. Mai tabo a nan.” Ya nuna girarsa. “Ya ce ni ne petinsa, ƙaramin yaronsa.”

Na tasa maigida gaba. Shi mutum ne mai sanyi, yadi yake yanka wa wani alhaji a Assigamé tun safe har yamma, in ya dawo ƙafafunsa sun kumbura. Na ce ya je ya gaya wa manya mu ma a toshe mana baki ɗaya. Ya ce to. Bayan sati na sake faɗa, ya sake cewa to. Sai da na daina yi masa magana kwana biyu sannan ya tsaya bayan la'asar ya yi wa dattawan masallaci bayani.

Washegari da hantsi ladan ya zo da kansa. Tsoho ne ƙwarai, shi ke wankan gawa a unguwar tun kafin a haife ni. Ya ƙi shiga, ya tsaya a ƙofa da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi.

“Ke ce mai son katanga?”

“Ni ce, Baba.”

“To, ɗiyata, zo ki gani.” Ya kwantar da sandar a ƙasa ta gicciye, ya ɗaga, ya ƙara rabi. “Kin ga faɗinsa? Makara da mutum biyu, ɗaya nan ɗaya nan. Waɗanda suka yanka lungun nan da makara suka auna shi. Duk gidajen da ke can ƙetaren titi, in an yi rasuwa, ta nan ake bi da mutum zuwa masallaci. Da hanya biyu ce, na bayanku suka toshe tasu ina kwance asibiti. Saura wannan.”

“Baba, a zagaya ta babban titi mana.”

“Cikin motoci da 'yan zemijan masu babur? A tsaya da bawan Allah a kafaɗa ana jiran danja?” Ya girgiza kai. “Ni ma nan za a bi da ni, kuma ba da daɗewa ba. Ko so kike a jefa ni ta saman katanga kamar buhun gawayi?”

Maigida ya yi dariya. Ni ban yi ba.

“Baba, matattu sau nawa suke wucewa? Waɗannan kullum suna nan. Ɗana fa?”

Ya daɗe yana kallon murfin kwalbatin. Babu kowa a kai, sun hango shi tun daga baki sun watse.

“Kakannin yaran nan ni na wanke su,” ya ce. “Zan yi wa iyayensu magana. Amma hanya ba ta toshuwa.”

Ya yi maganar kuwa. Kwana huɗu ba su zauna ba, rana ta biyar suka dawo da rediyo.

Abin da na riƙe a maganar tsohon nan ɗaya ne: da hanya biyu ce. Ina wanki ina juya ta, ina daka ina juya ta. Wato su suka rufe tasu suka turo mana babura, suka kuma bar mana gawa, don haka mu ba mu da ikon rufewa. Barcin da taubashiyata take yi da rana da ƙofa a buɗe, a kan wuyana take yin sa. Da yamma ina jin ihun yaransu ta saman katanga, har ina iya ware muryar ɗanta. Sai in ƙara wa rediyona murya.

Ana haka aka yi suna a gidan wata gwaggonmu a Nyékonakpoè. Mata cike da tsakar gida, ana ta rabon waina. Taubashiyata ta shigo da sabon leshin nan da ta ba ni labari, ta hango ni.

“A'a, ga matar gidan yari an sako ta! Wa ya buɗe miki sakata?”

Aka yi dariya. Nan ya kamata in ce mata wani abu a kan leshin, ko a kan hancinta, a sake dariya a wuce. Tsakanin taubasai babu abin da ba a faɗa, in dai da dariya aka faɗe shi. Ni kuwa na buɗe baki na ce:

“Ki ci gaba da dariya. Sai na sa an rushe katangar nan taku. Ku ma ku ɗanɗana abin da kuka zuba mana.”

Kuma fuskata ba dariya. Na ji shirun da kaina. Ta tsaya da faranti a hannu tana jira in ƙarasa wasan, har ta ɗan buɗe baki za ta taya ni. Na kau da kai. Gwaggo ta ce, “Ke, wasa kike ko?” Ba ni hanya ta yi, ina sane. Na ce, “Ba wasa nake ba, Gwaggo.”

Ban tsaya nan ba, abin kunyar. Na bi gidaje uku na ƙetaren titi ina zuga matan, ina cewa ai hanyar gawa aka toshe musu, su sa mazansu su kai ƙara wajen mai unguwa. Biyu suka ba ni ruwa suka saurare ni. Ta ukun ta ce, “In an rushe tasu, taku za ta gyaru ne?” Na ce a'a, amma a raba wahalar daidai. Ba wanda ya kai ƙara. Magana dai ta koma kunnen taubashiyata, kamar yadda magana take yi a Zongo. Wata biyar in mun haɗu a famfo ko a kasuwa sai ta ce, “Ina kwana, ya yara?” cikin ladabi, kamar matar da ba ta san ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ranar wata Laraba, ba lakwal da yamma, ina wanke-wanke a tsakar gida. Na bar ƙofa a buɗe saboda zafi, ɗana na zaune a dokin ƙofa yana cin gyaɗa, ina ganin bayansa. Sai na ji fito. Gajere biyu, dogo ɗaya, mai kaifi, irin wanda ake sa yatsu a baki. Na san fiton, na sha jin sa. Ban taɓa jin sa kusa haka ba. Na ɗaga kai na ga yatsun ɗana a bakinsa.

Na fito da kumfa a hannu. Murfin kwalbati wayam, sai rediyo na ta waƙa shi kaɗai, ƙafar na ƙarshensu tana shan kwana ta bayan masallaci. Ta bakin titi kuma wata mata ce ke shigowa, babba, 'yar ƙabilar Mina, irin masu sayar da atamfa, da maza biyu a bayanta. Hannun rigarta a yage, kafaɗarta ta kumbura inda aka fizge igiyar jaka. Mazan suka ruga suka duba, suka dawo hannu wofi. Ita ba ta bi su ba. Ta tsaya a gabanmu tana haki, ta dubi yaron, ta dube ni. Ina jin Mina daidai gwargwado.

“Naki ne?”

Na ce nawa ne.

“Ya iya aikinsa,” ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya suka tafi.

Na ja shi ciki na sa sakata duka biyu. Na ɗauko bulala. Shi kuwa ko tsoro bai ji ba, murna ma yake.

“Mma, kin ji? Na iya da yatsa biyu yanzu! Gran ya ce in na ga wanda ba ɗan lungu ba ya shigo ta titi, in yi. Ya ce ba wanda zai kula da ni, don ni ƙofar gidanmu nake zaune.”

Na ajiye bulalar. Gaskiya Gran ya faɗa. Ƙofa ɗaya ce a lungun, kuma tamu ce.

Da maigida ya dawo na gaya masa. Ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Gidan gado ne, ba inda za mu. Ya ce akwai yayarsa a Sokodé, a kai mata shi riƙo. Sokodé tafiyar yini ce. Na ce sai dai a kai mu tare. Ya ce to ina? Bai sake tambaya ba, don dukanmu mun san ina.

Da safe na yi wa yaron wanka, na goya ƙanwarsa, muka zagaya. Taubashiyata tana bakin ƙofarta tana tankaɗe. Matan layin duk suna waje, kuma duk sun san abin da na yi. Na taka tsakaninsu ina gaisuwa, ana amsa min da ƙyar. Na durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa yi ba, don wata huɗu kacal ta ba ni.

“Yaya, ina kwana.”

Ta ɗaga gira. “Yaya? Yau kuma? Wa ya mutu?”

Na gaya mata komai, da fiton, da matar, a gaban kowa, don ba ta ce mu shiga ciki ba. Ta ci gaba da tankaɗe har na gama. Sannan ta buga rariyar a gefen kwano.

“Da guduma kika zo, ko kin baro ta gida?”

“Na baro ta.”

“Kin tabbata? A duba zanenta, jama'a, baiwar nan ba ta da amana.”

Wata ta yi dariya, sai sauran suka bi. Ni hawaye ne suka zubo min, ina dariyar ina share su da gefen mayafi.

“Uban wa ye bawanki,” na ce.

“Yauwa. Yanzu na gane ki.” Ta miƙa hannu ta jawo yaron, ta duba kunnuwansa da farcensa kamar mai sayen akuya. “Amma ki ji. In na karɓa, na karɓa. Nan zai kwana, nan zai tashi, da nawa za su riƙa tafiya lakwal ta titi. Ba za ki riƙa zuwa kullum kina leƙe kina tsinka masa zuciya ba. Juma'a ya je miki, ki zo ki ɗauke shi da kanki, ki dawo min da shi kafin magariba.”

Na ce na yarda. Me zan ce?

Shekara guda ke nan da wata biyu. Ya daina fito, kafaɗunsa sun daidaita. Ya yi ƙiba, ya yi baƙi da rana, ya haddace surori biyar a wajen tsohuwar da ke tsinar shinkafa. Duk wanda ya gan shi sai ya ce, kai, riƙon nan ya karɓe shi, Allah ya saka wa mai riƙo. Ina cewa amin. Ina nufin amin ɗin kuma, Allah ya sani. Sai dai dariyarsa ma irin tata ce yanzu, da jefa kai baya.

Juma'ar da ta wuce na yi masa wake da shinkafa da man ja, yadda yake so. Ya ci rabi ya ce ta gidansu ta fi yaji. Ya yi wasa da ƙanwarsa, ya kwanta a cinyata ina sosa masa kai, har na ɗauka barci ya yi. La'asar na yin sanyi sai ya miƙe ya nemi takalmansa.

“Mma, tashi ki raka ni gida, kar Mama ta yi faɗa.”

Na ɗaura mayafi. Muka fito, na bi da shi ta ɓangaren katanga, ni ina tsakaninsa da samarin. Mai tabon ya gaishe shi da Faransanci, “E, peti, sa va?” Yaron bai ko waiga ba, yana ba ni labarin ƙwallo. Na riƙe hannunsa har bakin lungunsu, a nan ya ce in sake shi haka nan, abokansa na kallo.